Jakin gita ne ke kashe mini amo?

Ibro_Talladje
Assalamu alaikum ƴan'uwa makaɗa. Ina da gita samfurin Stratocaster, kwaikwayo ce ba ta ainihi ba, hannu na biyu na saye ta. Jakinta, wato ƙarfen da gindin tsirkiyoyi ke zama a kai, mai rasor (sifirin) ne, irin wanda ake ɗaura wa sandar bibrato mai girgiza sauti, amma ko sandar ban same ta da ita ba. Damuwata ita ce in na kaɗa sautin sol a tsirkiya ta uku wajen firet na 12 (firet su ne ƙarafan da aka gitta a wuyan gita), kafin in ɗaga kai amon ya mutu. Abokin kiɗana yana da samfurin Les Paul mai kafaffen jaki, shi in ya taɓa sai ta yi ta kuka har ka gaji da ji. Ya ce laifin jaki ne, wai duk gitar da ke da rasor a bayanta ba ta jan amo. Haka ne? In canza jakin ko in rabu da gitar baki ɗaya? Bukukuwa sun matso, ba na son zubar da kuɗi a banza.

Solo_Boukoki
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Rasor shan amo yake. Sayar ka huta.

MaiGyara_Katako
Solo, a hankali dai. Ibro ƙanena, kada ka sayar da komai tukuna. Juya gitar ka buɗe murfin baya. Za ka ga wani dunƙulen ƙarfe da tsirkiyoyi ke ratsawa ta cikinsa, rasor kuma na maƙale da shi. Nemo maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, ka manna masa. In ya kama, ƙarfen kirki ne. In bai kama ba, yawanci zamak ne, wato gamin tutiya, kuma a gitocin kwaikwayo za ka tarar da shi siriri, wani ma bai kai rabin kaurin na ainihi ba. Stratocaster ta farko da Leo Fender ya fitar a 1954 dunƙulenta ƙarfe ne mai nauyi, da gangan aka yi haka don kada jakin da ke motsi ya cinye amo. Saboda haka cewa duk mai rasor ba ta jan amo, an yi wa maganar kuɗin goro. Gaya mini kuma: gindin jakin yana kwance a jikin katako ne, ko yana ɗage?

Ibro_Talladje
Maigida na duba. Maganaɗisu bai kama ba. Rasor uku ne. Gindin jakin a ɗage yake, tsinken ashana na shiga ƙarƙashinsa har da saura.

DanAder_Tawa
Sannunku mutanen Yamai. Ni wagga magana ta jan amo ba ita ad damuwata ba. Mu nan kiɗin da muka yi, babbar tsirkiya tana ta gunji a ƙasa ba ta tsayawa, yatsu na wasa bisa. In jakinka na lilo, da ka ja tsirkiya guda da yatsa sai sauran duka su sauka, gunjin nan ya karkace, duk mai kunne ya ji. Kuma tsakanin waƙa da waƙa muna ɗaga babbar tsirkiya ko mu sauke ta. Da jaki mai lilo, ka taɓa guda, biyar sun tashi daga akor, wato saitin sautinsu. Ango na jira, kai kana murɗe-murɗe. Shi ya sa duk gitar da ta shigo hannuna, ranar nan nika kulle jakinta.

Hadiza_Bass
DanAder ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi mu masu bas. Mai solo ya ja tsirkiya, sauran nasa su zube, ni ina riƙe da daidai, jama'a su juyo suna kallona kamar ni na ɓata. Allah ya isa tsakanina da jaki mai lilo 😂

Moussa_Fizik
Bari in sa baki, kimiyyar lissafin motsi nake karantawa a Jami'ar Abdou Moumouni, ina kuma ɗan taɓa gita. In ka kaɗa tsirkiya, wani ƙarfi ka zuba mata, kuma amon zai daɗe ne gwargwadon yadda ƙarfin nan ya zauna a cikinta. Yana fita ta hanya kaɗan: ta jaki, ta firet ko ƙashin kan wuya, ta gogayya da iska, da ta cikin ƙarfen tsirkiyar kanta. Duk inda ƙarshen tsirkiya ya zauna a kan abu mai nauyi, mai tauri, marar motsi, ƙarfin komawa yake cikin tsirkiya. Inda ya zauna a kan abu mai laushi ko mai lilo, sai ya zurare.

Ku dubi gurmi. Jakinsa a kan fata yake zaune, fatar na karɓe ƙarfin nan take ta mayar da shi ƙara. Shi ya sa gurmi ke da kaifin murya ba tare da ampili ba, amma kowane bugu gajere ne. Gitar lantarki an gina ta ne a kan kishiyar wannan. Les Paul da kansa, makaɗin da aka sa wa gitar sunansa, wajen 1940, gungumen katako ya samu ya ɗaura masa wuya da mikro, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, don tsirkiya ta daina ba jiki ƙarfinta. To masu cewa "gitata ko ba a jona ba ƙara take, alamar tana jan amo ce", lissafin bai goyi bayansu ba. Ƙarar da kake ji a ɗaki ƙarfi ne da ya riga ya bar tsirkiya.

Abin da ya tsaya mini a maganar Ibro shi ne ya ambaci wuri guda: sol, tsirkiya ta uku, firet na 12. In jaki ne mai laifi, ya kamata matsalar ta bazu. Ibro, sauran wuraren fa?

Solo_Boukoki
Malam Moussa mu ba a aji muke ba. Kunne ne alƙali. Na riƙe Les Paul na riƙe Strat, bambancin ko kurma ya sani.

Moussa_Fizik
@Solo_Boukoki ban ce babu bambanci ba yayana. Na ce ba jaki kaɗai ya haifar da shi ba. Les Paul wuyanta manne yake da gam, Strat da bis huɗu, wato sukurori, aka ɗaure. Tsawon tsirkiya daga ƙashi zuwa jaki a Gibson, masu yin Les Paul, kusan milimita 628 ne, a Fender, masu yin Strat, 648. Jikin Les Paul ya fi kauri da nauyi. Babban abu kuma mikro: na Les Paul mai naɗi biyu ne, ya fi fitar da wuta, yana tura ampili har ya fara matse sauti, matsewar nan kuwa ita kunne ke ji a matsayin dogon amo. Ka haɗa abu biyar ka ɗora wa jaki shi kaɗai.

Ibro_Talladje
Malam Moussa na gwada yanzu. Firet na 10 da na 14 sun fi daɗewa, ba laifi. Na 12 ne da na 11 suke mutuwa da wuri. Amma gaba ɗaya dai gitar ba ta kai ta abokina ba.

MaiGyara_Katako
Yawwa, to ka ga ciwo biyu ne. Na farko mataccen gurbi ne a wuya. Gwada wannan: jingina kan gitar da bango ko da ƙofa ka danna sosai, sannan ka kaɗa sol ɗin. In ya daɗe fiye da da, wuyan ne ke kaɗawa daidai da wannan sautin yana shanye shi. Ko ka sa jakin zinariya ba zai warke ba. Wasu suna maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi a kan gitar, can ƙarshen wuya, sai gurbin ya matsa wani wuri da ba ka yawan zuwa. In kuma bango bai canza komai ba, duba firet na 13, wataƙila ya ɗan taso, tsirkiya na goga shi. Hunturu na yin wannan aikin, katako ya bushe ya tsuke, firet ya saki.

Ciwo na biyu shi ne na jakin, kuma maganinsa ba ya cin kuɗi. A cikin ramin baya akwai dogayen bis biyu da suka riƙe farantin da rasor ke rataye. Sassauta tsirkiyoyi, ɗaure bis ɗin nan har gindin jaki ya kwanta a katako. In ka samu rasor biyu ka ƙara su zama biyar, ya fi. Sannan ka sassaƙa guntun katako mai tauri ka cusa tsakanin dunƙulen da bangon ramin. Eric Clapton haka yake yi wa tasa, har Fender da ke fitar da gita da sunansa da katakon a ciki take zuwa. Tsirkiya shida masu lamba 10 zuwa 46 suna jan sama da kilo 40, rasor uku da suka gaji ba za su riƙe wannan tsaf ba.

Tsoho_Orkestar
Ƴaƴana sannunku da ƙoƙari. Na karanta duka. A zamaninmu ba ka zaɓen jaki, abin da ya zo hannunka shi ne rabonka. Amma akwai abin da ban ga kowa ya ambata ba, shi ne sirdin da tsirkiya ke hawa. Zufarmu ta watan Afrilu gishiri ce zalla, tana gangarowa daga tafin hannu ta zauna a kan sirdi. Ƙananan bis biyu da ke ɗaga kowane sirdi sai su yi tsatsa, ɗaya ya taɓa faranti ɗaya na reto. Sirdi mai ƙafa guda rawa yake, yana cin amo yana kuma ƙara wani zzz da za ka yi ta nema a ampili ba ka gani ba. Tsirkiya kuma tana sassaƙa rami a zamak, in ramin ya yi kaifi nan take tsinkewa. Kafin ku yi maganar canza jaki ku kwance shi, ku jiƙa a kananzir, ku goge da tsohon buroshin haƙori, ku ɗiga man keken ɗinki. Ni kowane ƙarshen hunturu nake yi.

Ibro, yaushe rabonka da canza tsirkiya?

Ibro_Talladje
Baba kada ka tona mini asiri a gaban jama'a 😅 Tun kafin azumi.

Hadiza_Bass
Wane azumin? Na bana ko na bara?

DanAder_Tawa
Ku bar yaro. Tsirkiya mai kyau wuya ta kai ga samu, nan Tawa sai an aiko muna daga Yamai ko daga Kwanni. Mdou Moctar, ɗan jiharmu, gitarshi ta hwarko da kanshi ya haɗa ta, wayar birkin keke ya sa. Yau ga shi da Stratocaster ta bahago yana zagaya duniya. Hannu shi ad da magana.

Rocker_Plateau
Kowa na ta zagin jaki mai motsi, bari in kare shi. Ni Floyd Rose nake amfani da shi kuma ban ga abin da ya kai shi riƙe akor ba. Mutumin da ya ƙirƙiro shi, sunansa ke nan Floyd Rose, ya yi rajistarsa a Amurka a 1979, Eddie Van Halen ya sa duniya ta san shi. Dabarar ita ce ana damƙe tsirkiya a wuri biyu, a jaki da a kan wuya, babu inda za ta zame. Ka danna sanda har tsirkiyoyi su yi laƙwas, ka saki, ta dawo daidai. Strat ɗinku ta bis shida ba ta iya wannan.

MaiGyara_Katako
Rocker, faɗi sauran mana. Tsirkiya ɗaya ta tsinke maka a tsakiyar biki, sauran biyar duk sun haye sama, gitar ta tashi aiki har sai ka zauna da kile alen. Sai ka yanke ƙullin gindin sabuwar tsirkiya, ka damƙe, ka buɗe makullin sama, ka yi ta zagayen akor. A filin biki da dare, wuta ta ɗauke, ɗan ƙaramin ƙarfen damƙe tsirkiya ya faɗa cikin rairayi, wa zai nemo maka? Kuma duk jakin a kan baki biyu masu kaifi yake tsaye. Na ainihi ƙarfensa mai tauri ne. Na kwaikwayo da ke cika gitoci masu araha bakin na dakushewa, daga nan ba ya komawa inda ya taso. Irinsu nawa ke rataye a rumfata masu su sun gudu sun bar su. Ga katakon da ake rarakewa don a zaunar da shi, ni kunnena yana jin muryar ta fi siranta.

Rocker_Plateau
Sirantar nan ba na musu, amma da fedal ɗin distosho, na'urar takawa mai kausasa sauti, wa ke ji? Ina riƙe sauti ɗaya har in gaji in sake shi da kaina.

Moussa_Fizik
Wannan kuma wani jan amon ne daban. In ampili ya yi ƙarfi, iskar da sifika ke turawa tana sake kaɗa tsirkiya, ƙarfi na dawowa daga waje. Nan ko wane jaki gare ka sauti ba zai mutu ba muddin kana tsaye a inda ya dace. Ibro da ke kiɗa da sauti wankakke a ƙaramin ampili ba shi da wannan gatan.

Wani abu kuma Ibro: duba tsayin mikro. Na Strat sandunan maganaɗisu ne kai tsaye a ƙarƙashin tsirkiya. In ka ɗaga su sosai don neman ƙara, musamman na wajen wuya, suna jan tsirkiya suna taka mata birki, har ka ji sautin na rawa kamar biyu ne ke faɗa. Sauke su kaɗan ka ƙara ampili.

Zabaya_Gamkalle
Ni mawaƙiya ce ba makaɗiya ba, amma ina da ra'ayi. Ban gane wannan son dogon amon ba. A kiɗan da muke yi mai sauri, irin wanda Tal National suka saba da shi, gita biyu na saƙa da juna, ganga na gudu. In kowane bugu ya tsaya yana kuka, ina zan sa muryata? Makaɗin da na fi jin daɗin aiki da shi Telecaster yake riƙewa, bugunsa tsaf-tsaf, ya fito ya ba da wuri.

Tsoho_Orkestar
Ɗiyata kin yi magana. Telecaster kuwa jakinta abin a tsaya a duba ne, don a nan ne za ka yarda jaki na canza murya. Faranti ne na ƙarfe shimfiɗe a jikin katako, mikron baya a cikin farantin aka dasa shi, tsirkiyoyi kuma ta cikin jikin gitar suke ratsowa daga baya su hau sirdi su danne shi da kyau. Na farkon shekarun 1950 sirdi uku ne na tagulla, kowane na ɗauke da tsirkiya biyu. Wannan cizon da kike ji daga haɗuwar nan yake fitowa. Aibinsa ɗaya, tunda biyu ke raba sirdi guda, ba ka iya daidaita tsawon kowace ita kaɗai, sai an yi sulhu. Daga baya sun yi mai sirdi shida, amma da yawa sun ce cizon ya ragu. Ni ma haka kunnena ya gaya mini, ko da yake Moussa zai ce in kawo awo.

Moussa_Fizik
Baba ni wa da zan nemi awo a wurinka 🙏 A Telecaster ma akwai dalili a fili, farantin ƙarfe ne da maganaɗisu ke kamawa, yana kewaye da mikro, dole ya taɓa yadda mikron ke ji. Inda nake da ja shi ne masu cewa sun canza bis biyu sun ji duniya ta canza.

Solo_Boukoki
To duk kun zagaya kun dawo inda na fara. Telecaster kafaffe, Les Paul kafaffe, shi ma Katako cewa ya yi a kafe na Ibro da katako. Ashe dai rasor ne matsalar.

MaiGyara_Katako
A'a Solo, kai cewa ka yi ya sayar. Kuma kafaffen ma yana da nasa ciwon. Jakin Gibson da ake kira Tune-o-matic, wanda Ted McCarty ya tsara, ya hau Les Paul Custom a 1954, a kan ƙafa biyu yake tsaye, ga wani ƙarfe daban a bayansa da ke riƙe gindin tsirkiya. Irin na da yana da siririyar waya da ke tare bis ɗin sirdi, in ta saki sai ta yi ta ƙara. In kuma ka ɗaure ƙarfen baya har ƙasa, tsirkiya ta karye, wato ta lanƙwashe, da yawa a kan sirdi, nauyin na danna tsakiyar jakin shekara da shekaru har ya lotsa. Sai ka ga tsirkiyoyin tsakiya suna goga firet, na gefe lafiya lau. Na sha cire irinsu. Akwai masu zagayo da tsirkiya ta saman ƙarfen baya don rage karyewar.

Karyewar nan a kan sirdi, in ta yi yawa matsala, in ta yi kaɗan ma matsala. Jazzmaster da Fender ta fitar a 1958 kusan a miƙe tsirkiya ke wuce sirdinta, ka buga da ƙarfi ta yi tsalle ta bar gurbinta, amonta gajere, ragowar tsirkiyar da ke bayan jaki na ta nata kukan. Wasu don wannan kukan ma suke sayenta. Kowa da abin da kunnensa ke so.

Nasser_Lazaret
Tambaya a gefe don Allah. Wani ya kawo mini gita mai sandar bibrato samfurin Bigsby daga Kwatano, in saya? Kyanta ya tafi da ni.

Rocker_Plateau
In kyau kake so saya. Rasor ɗaya ne a ƙarƙashin sanda, girgiza kaɗan yake bayarwa mai laushi, ba ya nutso. Ranar canza tsirkiya kuma ka nemi mai taya ka, ƙullin na zamewa daga ɗan tsinken da ake rataya shi.

Ibro_Talladje
Na dawo da rahoto. Na ɗaure bis ɗin baya, jaki ya kwanta, na cusa katako. Na wanke sirdi kamar yadda Baba ya ce, biyu daga ciki da ƙafa ɗaya suke tsaye. Na sa sababbin tsirkiyoyi, na sauke mikron wuya. Gitar ta farka, ba ƙarya, kuma in na ja tsirkiya sauran ba sa sauka. Sai dai sol ɗin nan na firet 12 har yanzu ya fi ƴan'uwansa saurin mutuwa, da na jingina kan da bango kuwa sai ya daɗe. Yanzu kuma firet na sama suna ɗan yi mini tsami a kunne.

MaiGyara_Katako
Tunda jaki ya kwanta tsawon tsirkiya ya ɗan canza, sai ka sake daidaita sirdi. Kaɗa tsirkiya a sake ka saita ta, sannan ka danna firet na 12 ka duba na'urar akor. In ya haura, ja sirdin baya nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba. Ɗaya bayan ɗaya. In ya gagara ka kawo mini ranar da ba kasuwa sosai.

Solo_Boukoki
Ka ji ko? Ya kafe jaki gita ta farka. Na ci gardama.

Moussa_Fizik
Abu huɗu ya canza rana ɗaya yayana, har da tsirkiyoyin da suka ga azumi. Ta ina ka san wanne ne ya yi aikin? Ibro, in kana da haƙuri, cire katakon kaɗai ka sassauta bis ɗin, ka ɗauki sauti da waya, ka mayar ka sake ɗauka, ka turo mana biyun ba tare da ka faɗi wanne ne wanne ba. Mu ga ko Solo zai gane.

Ibro_Talladje
Malam Moussa ka yi haƙuri, Asabar ina da biki a Harobanda, ba na sake taɓa bayan gitar nan. Wanda ke son gwaji ya kwance tasa.

DanAder_Tawa
Ni ina da guda biyu iri ɗaya, guda kulle guda sake. Sai dai ta biyun wuyanta ya ɗan karkace, Moussa zai ce gwajin bai yi ba. Katako, dunƙulen ƙarfe na kirki ana samu nai wurinku, ko sai an yi oda? In ana samu in aiko da kuɗɗi ta mota.